Darasi Na 14: In Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi

Rani ya yi. Albasa ta kama, tumatir ya yi fure. Manomi ya yi sammako zuwa fadama, ya ja igiyar inji, shiru. Ya sake ja, shiru. Ga rana tana ɗagawa, ga shuka tana jiran ruwa. Tumatir mai fure kuwa ba ya jure ƙishirwa. In ya kwana biyu ko uku ba ruwa, sai furen ya zube.

Mun san wani manomi da haka ta same shi. Ya ɗora inji bisa jaki, ya kai gari wurin makanike. Makanike ya duba, ya murɗa wani ɗan maɓalli, ya ja igiya sau ɗaya, inji ya tashi. Ashe a kashe ya ke tun jiya. Wuni guda ya tafi a banza, ga ladan makanike. Da manomin nan ya iya karanta kalma biyu, da bai bar gonarsa ba.

To, ga kalmomin. O da N, watau ON, inji a kunne ke nan. O da F da F, watau OFF, a kashe. Turanci ne, amma haruffan duk kun riga kun san su. Kullum nan za ku fara dubawa.

Ƙaramin injin fetur, ko na ban ruwa ne, ko janareta, ko na yankan ciyawa, abu uku ya ke bukata kafin ya tashi: mai, da iska, da wuta. In ya ƙi tashi, galibi ɗayansu ne ya yanke. Aikinmu mu gano wanne, mu fara da mai sauƙi. Kada ku yi garajen kwance inji.

Mu fara da mai. Ku buɗe tanki ku leƙa, kada ku ce ai jiya na zuba. Sa'an nan ku duba ɗan famfon mai, ko a buɗe ya ke. Kusa da shi akwai wani hannu, ana ce da shi cok. Shi ne ke rage iska domin mai ya yi yawa. Da sanyin asuba ku rufe cok, ku ja igiya. Da inji ya kama, ku buɗe shi a hankali. Inji mai zafi ba ya son cok. In kuka yi ta ja da shi a rufe, mai ya kan yi masa yawa, har ku ji warinsa. Maganin wannan, ku buɗe cok, ku dakata kaɗan, kana ku sake ja.

Ba kowane fetur ne ke tada inji ba. Wanda ya kwana a tanki tun bara, damina ta wuce a kansa, ya lalace. Ya kan yi danƙo, ya toshe ƙananan hanyoyin kafireta, wurin da mai da iska ke haɗuwa. Na kwalba a bakin hanya kuma wani lokaci da ruwa a ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ƙasa ya ke kwanciya, shi inji ke fara sha. A ƙarƙashin kafireta akwai ɗan kofi mai noti. Ku kwance notin, ku tara gwangwani, ku tsiyaye abin da ke ciki. In da ruwa, za ku gan shi a gindin gwangwani. Kada mai shan taba ya matso sa'ad da ku ke wannan aiki.

Ga wani abu da ke ruɗin mutane ƙwarai. Injuna da yawa, kamar waɗansu na Honda, an yi su ne yadda in baƙin mai ya yi ƙasa za su ƙi tashi, domin kada su ƙone. Har in kun girka inji a karkace a gangaren rafi, ya kan yi haka. Ku daidaita shi a wuri sosai, ku buɗe murfin baƙin mai. Ya kamata man ya zo har bakin ramin. Mun ga masu yanke wayar wannan abu domin inji ya tashi. Mu dai ba mu yarda da haka ba, gama sayen baƙin mai ya fi sayen sabon inji sauƙi.

Iska ba ta da wuya. Ƙurar hunturu ta kan toshe soson da ke tace ta. Ku cire shi, ku wanke da sabulu, ya bushe sarai. In na takarda ne, kakkaɓewa kawai a ke yi.

Saura wuta. Ku zare hular fulogi, ku kwance shi da sifana. In ya yi baƙi, ku goge. In ya jiƙe da mai, ku shanya. Ratar da ke bakinsa kamar kaurin farcen babban yatsa ce, milimita 0.7 zuwa 0.8. Ku mai da masa hularsa, ku riƙe ta wajen roba, ku jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin, wani ya ja igiya. In kun ga tartsatsi shuɗi, wuta lafiya. In babu, ku gwada sabon fulogi. Ajiye guda a aljihu ba asara ba ce.

Amma in igiya ta ƙi jawuwa sam, kada ku tilasta mata. Watakila dutse ya maƙale a cikin famfo, ko inji ya cije. In kuwa tana zuwa sakwa-sakwa ba nauyi, ciwon na ciki ne. Waɗannan biyu na makanike ne.

Kafin ku tada inji, ku cika cikin famfo da ruwa, gama in ya yi gudu a bushe robar ciki ta kan ƙone.

Gobe kowa ya kwafo kalmomin da ya gani a jikin injinsa ko na maƙwabcinsa, mu karanta tare.