Amsoshin Tambayoyinku: Yaya zan sanyaya abin sha cikin gaggawa?

Tambaya: Sau da yawa baƙi kan zo mini ba zato, ko kuma magariba ta gabato a watan azumi, alhali zoɓon da na haɗa da lemon kwalba ba su yi sanyi ba. In na saka a firiji, har baƙin su yi sallama bai ɗauki sanyin kirki ba. Shin akwai hanyar da ta fi wannan sauri? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Akwai, kuma ba ta jiran a kawo wuta. Ki tanadi bokiti ko kula, da ƙanƙara, da ruwa, da gishirin miya.

Laifin ba na firijinki ba ne. Iska ce ke kewaye da kwalba a cikinsa, ita kuwa iska raguwa ce wajen janye zafi. Ruwa ya ninka ta fiye da sau 20 a wannan aiki. Shi ya sa firiji kan ɗauki awa biyu ko uku kafin babbar kwalba ta yi sanyi sosai. Saboda haka kada ki tsaya ga jibga ƙanƙara a kan kwalaben kamar yadda ake yi a wajen biki, domin dunƙulen ƙanƙara wurare kaɗan yake taɓawa a jikin kwalba, sauran duk iska ce a tsakani. Ki farfasa ta ƙanana, ki zuba har rabin bokiti, ki ƙara ruwa har ya kai wuyan kwalbar.

Sai ki barbaɗa gishiri kamar cikin gwangwanin madara, ki juya. Ruwan da ba a sa wa komai ba yana daskarewa ne a digiri 0 a ma'aunin Selsiyas, don haka ruwan ƙanƙara zalla ba ya sauka ƙasa da nan. Gishiri kuwa yakan tilasta wa ƙanƙara narkewa, narkewar kuma sai da zafi take yiwuwa, sai ta zuƙo shi daga ruwan da kwalbar. Ta haka ruwan kan yi sanyin da ya zarce na daskarewa amma yana nan a ruwansa. In gishirin ya yi yawa ƙwarai yakan iya kaiwa wajen digiri 21 ƙasa da sifili. Kada ki yi ƙyashin gishirin, ɗan tsunkule ba ya komai.

Ki riƙa juya kwalbar a hankali bayan kowane minti ɗaya ko biyu, don abin da ya yi sanyi a gefe ya gauraya da na tsakiya. In lemo mai gas ne, juyi kawai, ban da girgizawa. Lemon gwangwani kan yi sanyi cikin minti biyar ko kusa da haka, saboda ƙarfensa sirara ne. Kwalba ko gorar roba kan nemi minti 10 zuwa 15. Da kin ciro ki ɗauraye bakinta, kada gishiri ya shiga kofin baƙo.

Shi zoɓo yana da nasa sharaɗin. In da sauran ɗuminsa, ki fara tsoma tukunyar a cikin ruwan randa ta huce, in ba haka ba ƙanƙararki za ta ƙare a banza. Sannan ki rarraba shi a ƙananan goruna, sun fi babbar jarka saurin ɗaukar sanyi nesa ba kusa ba. Ina kuma roƙonki da kada ki jefa ƙanƙarar da kika saya a bakin titi cikin abin shan kansa. Ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, daskarewa kuma ba ta kashe ƙwayoyin cuta irin na taifod. A wajen kwalba take aikinta lafiya.

In akwai wuta kuma kina da firiza, ki kwantar da kwalbar a ciki. Hakan na rage jira, sai dai bai kai bokitin sauri ba. Ki saita ƙararrawa a waya, domin ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, kwalbar da aka manta kuwa fashewa take yi a cikin kayan abinci.

Ranar da ba wuta ba ƙanƙara, ki naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen ƙyalle ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa daga ƙyallen yana tafiya da zafi, yadda randa ke yi. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa mai tukunya a ciki da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sama masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Wannan dabara tana aiki sosai a busasshiyar iskar hunturu da bazara, da damina kuwa kaɗan take taɓukawa, kuma sai an yi haƙuri. In da ita za ki dogara don buɗa-baki, ki fara tun azahar.