In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Motocin da Ke Yi wa Juna Gargaɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba tafiya a mota ya san ganyen da direbobi kan jera a kan kwalta idan babbar mota ta lalace. Ganyen nan saƙo ne ga na baya cewa su rage gudu. Sai dai ba shi da amfani sai ido ya gan shi, kuma da dare ko cikin hazo ido kan makara. A wannan darasi za mu duba wata fasaha da ke aika irin wannan saƙo ta rediyo, daga mota zuwa mota, da kuma tsakanin mota da na'urorin da aka kafa a bakin hanya. Masana suna kiranta V2X a taƙaice. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen hallaka masu shekara 5 zuwa 29.

Iyakar jikin direba

Kafin mu fahimci na'urar, sai mun fahimci jikin da take taimaka wa. Idan direba ya hangi haɗari, haske kan shiga idonsa, jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta gane abin da aka gani ta yanke shawara, sannan ta aika umarni ga tsokar ƙafa ta taka birki. Saƙon jijiya mafi sauri bai cika wuce mita 120 a daƙiƙa ɗaya ba, amma mafi yawan jinkirin a ƙwaƙwalwa yake, wajen ganewa da yanke shawara. Idan abu ya zo wa direba ba zato, aikin nan duka kan ci kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi.

To, mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ke nan za ta ci kimanin mita 42 kafin ƙafa ta taɓa birki, ban da tazarar da za ta ƙara ci kafin ta tsaya. Yanzu a ce motoci uku ne a jere, ta tsakiya kuwa tirela ce da ta tare wa na baya gani. Na farko ya taka birki. Direban tirela ya yi nasa jinkirin, na uku kuma ba zai san kome ba sai fitilar tirela ta kama, sannan shi ma ya yi nasa. Jinkiri ya hau kan jinkiri, ya zama daƙiƙa uku, wato fiye da mita 80. Haka ake samun karon da motoci da yawa ke afka wa juna.

Yadda fasahar ke aiki

Kowace mota tana ɗauke da ƙaramar rediyo mai aikawa da karɓa, da na'urar GPS mai gano wuri ta taurarin ɗan'adam, da kuma kwamfuta. Sau goma a kowace daƙiƙa motar tana yin shela ga duk motocin da ke kewaye da ita, zuwa nisan kimanin mita 300: ga inda nake, ga gudun da nake yi, ga inda na dosa, ga halin da birkina ke ciki. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Hazo da duhu ba sa tare shi, ko da yake manyan gine-gine suna raunana shi. Kwamfutar motar da ta karɓa sai ta auna ko hanyoyin biyu za su haɗu. In ta ga haɗari, sai ta yi ƙara ko ta kunna alama a gaban direba. A misalinmu na ɗazu, direba na uku zai sami labarin birkin na farko cikin ɗan ɓangare na daƙiƙa, ba tare da ya jira tirela ba. Fasahar ba ta ƙara wa jijiyarsa sauri, amma ta sa ya fara da wuri.

Hanya ma tana magana. Na'urar da aka ɗaura a jikin danja takan gaya wa motoci saura daƙiƙa nawa ja ya kama, don direba ya daidaita gudunsa, ya rage tsayawa da ɓarnar mai. Wata takan sanar da aikin gyaran hanya ko kwana mai haɗari. Motar asibiti ko ta kashe gobara kuwa tana iya roƙon danja ta ba ta kore tun tana nesa.

Taƙaitaccen tarihi

A 1999 Hukumar Sadarwa ta Amurka ta keɓe wa wannan aiki wani zango na rediyo a gigahaz 5.9, wato igiyar da ke kaɗawa sau biliyan 5.9 a daƙiƙa. A 2010 aka amince da ƙa'idar sadarwar, wadda 'yar'uwar Wi-Fi ce. A 2012 Jami'ar Mishigan ta jagoranci gwaji da motoci kusan 3,000 a birnin Ann Arbor. Kamfanin Toyota ya fara sayar da motoci masu irin wannan na'ura a Japan a 2015, Volkswagen kuma ya sa ta a motarsa Golf a 2019. A halin da ake haka, a 2017 wata ƙa'ida ta biyu ta fito daga fasahar wayar salula, kuma ita ƙasar Sin ta bi. Ƙa'idojin biyu ba sa jin yaren juna, abin da ya sa kamfanoni da dama suka tsaya jiran ganin wadda za ta yi rinjaye. A 2020 Amurka ta karkata ga ta biyun, ta kuma rage zangon daga megahaz 75 zuwa 30.

Matsaloli

Na farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mota mai na'ura ba ta jin wadda ba ta da ita, don haka amfanin bai bayyana sosai sai motoci da yawa sun samu. Na biyu, fiye da rabin masu mutuwa a hanya masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, waɗanda yawanci ba sa ɗauke da na'urar. Na uku, akwai batun amana. Don kada mugu ya aika saƙon ƙarya, kowane saƙo yana ɗauke da hatimi na kwamfuta. Don kada a riƙa bin sawun mutane kuma, ba a sa suna ko lambar mota a ciki, kuma lambar shaidar da ke kan saƙon tana sauyawa akai-akai.

Kammalawa

Abin da wannan fasaha ke ba direba shi ne lokaci, 'yan daƙiƙoƙin da ido da ƙwaƙwalwa ba su iya samar masa. Amma gargaɗi bai amfani wanda barci ya ɗauke, ko wanda birkinsa ya mutu. Kafin na'urar ta yaɗu, hanyar samun waɗannan daƙiƙoƙi ita ce rage gudu da barin tazara.

Aikin aji

Ɗalibi ɗaya ya riƙe rula a tsaye, wani ya buɗe yatsu biyu daidai lambar sifili. A saki rular ba tare da sanarwa ba, shi kuma ya cafke. In ta faɗi santimita 20 kafin ya kama, jinkirinsa kimanin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ne. A sake gwadawa yana hira da wani, a kwatanta sakamakon. Daga nan a tattauna: me ya sa jinkirin direba a kan hanya ya ninka wannan sau da yawa?