Darasi: Gwaiba da Danginta, da Inda Ya Dace a Dasa Kowanne a Gonar Kaji da Kifi



Darasinmu na yau a kan bishiya ne. Halin tsaron da ake ciki a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ya sa mutane da yawa sun dawo da neman abincinsu cikin gari ko bayan gida. A ɗan fili guda za ka ga ɗakin kaji, ga kwamin tarwaɗa, ga rijiya, sannan mai wurin yana son inuwa da ɗan abin marmari. To a irin wannan matsin, bishiyar da ka dasa da inda ka dasa ta za su iya ƙara maka riba, za kuma su iya fasa maka kwami ko su jawo wa kajinka cuta. Shi ya sa nake so mu san gwaiba da danginta sosai kafin a sayi dashe.

1. YADDA MASANA KE KASA TSIRRAI

Kamar yadda mutum yake da ƙabila, da dangi, da gida, da sunan yanka, haka masana suka kasa tsirrai. Ga na gwaiba:

Babbar zuriya: Myrtales
Dangi: Myrtaceae
Gida: Psidium
Cikakken suna: Psidium guajava

Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuma sunan yanka. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ne ya raɗa mata wannan suna a 1753. Amfanin sunan shi ne, ko ka ce gwaiba, ko gwaba, ko goba, idan ka rubuta Psidium guajava, malamin gona a Samaru da na Indiya duk bishiya ɗaya za su fahimta.

Asalinta daga yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne zuwa arewacin Amurka ta Kudu. Turawan Fotugal da na Sifen ne suka yaɗa ta a duniya ta jiragen ruwa.

Dangin Myrtaceae babba ne, yana da gidaje sama da 130 da jinsuna sama da 5,000. Huɗu daga ciki mun san su:

Gwaiba: Psidium guajava
Turare, wasu su ce zaiti: wanda ya fi yawa a Arewa shi ne Eucalyptus camaldulensis, asalinsa Ostareliya
Malmo: Syzygium guineense, ɗan ƙasa ne, a bakin rafi yake fitowa
Kanumfari: Syzygium aromaticum, asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya

Ka ga kenan malmo da kanumfari 'yan gida ɗaya ne. Idan aka hau sama zuwa babbar zuriya kuma, za ka tarar da marke, da baushe, da sabara, da geza, da lalle, da rumman, duk 'yan uwan gwaiba ne na nesa. Mangwaro kuwa ba ya ciki, shi dangin kashu ne. Bedi, wato darbejiya, dangin maɗaci ne.

2. ALAMOMIN DANGIN

Akwai alamomi huɗu da za ka duba da idonka da hancinka:

Na ɗaya, ganye. Ɗaga shi saitin rana, za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo masu haske. Ƙananan jakunkunan mai ne. Murza ganyen ka shinshina, za ka ji ƙamshi. A turare abin ya fi fitowa fili.

Na biyu, bakin ganyen a shafe yake, ba shi da haƙora irin na bedi.

Na uku, fure. Cike yake da siraran zare masu yawa kamar gashin buroshi. Su ne sassan namiji masu ɗauke da garin barbara, kuma su ke jawo zuma.

Na huɗu, ɗan itacen yana fitowa ne daga ƙarƙashin fure. Shi ya sa kake ganin ɗan kambi a ƙarshen kowace gwaiba, ragowar furen ne. Dubi ƙwayar kanumfari ma, za ka ga 'yan haƙora huɗu a samanta. Ai kanumfari ƙullin fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe, aka shanya.

Dangin ya rabu biyu ta fuskar 'ya'ya: masu tsoka da ake sha, kamar gwaiba da malmo, da masu busasshen ƙoƙo mai tauri cike da ƙananan iri, kamar turare.

3. SIFFOFIN GWAIBA ITA KANTA

Tsayi: mita 3 zuwa 10. Tana yin rassa tun daga ƙasa-ƙasa.

Ɓawo: sumul yake, yana saɓulewa falle-falle, sai ka ga jikin da launin kore da ja-ja.

Sabon reshe: kusurwa huɗu gare shi. Idan ka juya shi tsakanin yatsu biyu za ka ji gefe-gefen. Wannan ce hanya mafi sauƙi ta gane dashen gwaiba a wurin masu renon itatuwa.

Ganye: biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna. Tsawonsu santimita 5 zuwa 15, jijiyoyin sun fito raɗau ta baya, da ɗan gashi mai laushi.

Fure: fari ne, da fallaye 4 ko 5, yana fitowa a hammatar ganye, a jikin SABON reshe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

'Ya'ya: akwai mai farin ciki da mai jan ciki, duk jinsi ɗaya ne, iri ne ya bambanta. Ƙwayayen ciki sukan haura 100. Daga fure zuwa nuna wata 3 zuwa 5 ne. A giram 100 na gwaiba akwai bitamin C kimanin miligiram 228, na lemon zaƙi kuma kimanin 53, kusan ninki huɗu kenan.

Saiwa: mafi yawanta a sama-sama take, tana bazuwa gefe har ta wuce inuwar bishiyar, kuma takan tsiro da 'ya'ya daga jikin saiwar.

4. ME WANNAN YAKE NUFI A GONARKA?

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Dangi ɗaya ne, amma hali ya bambanta, don haka wurin zaman kowanne daban.

Gwaiba. Tunda saiwarta a sama take kuma tana bin danshi, kada ka dasa ta jikin kwamin siminti ko bakin kududdufin ƙasa. Ganyen da ke zuba cikin ruwa yana ruɓewa, ruɓewar kuma tana cinye iskar da kifi ke shaƙa. Tarwaɗa tana da juriya don tana iya haɗiyar iska a sama, amma 'ya'yan kifi da karfasa ba su da wannan ƙarfin.

Ta ɓangaren kaji, matsalar ita ce baƙin da nunanniyar gwaiba ke gayyatowa: tsuntsayen daji, jemagu da ɓeraye. Tsuntsun daji yana iya ɗauko murar tsuntsaye. Cutar nan mai lamba H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, aka fara tabbatar da ita a Afirka, cikin Fabrairun 2006, kuma har yau takan dawo. Idan reshe yana kan rufin ɗakin kaji, kashin tsuntsu zai faɗa inda kajinka ke ci da sha.

Shawarar da nake bayarwa: ka bar aƙalla mita 10 tsakanin gwaiba da ɗakin kaji, mita 6 zuwa 8 tsakaninta da kwami, sannan mita 5 zuwa 6 tsakanin bishiya da bishiya. Ka dasa ta a gangaren da ruwan kwami ke bi in ka canza shi. Ruwan nan da kake zubarwa cike yake da taki. Ka haɗa da kashin kajin da ya kwana ya huce, ban da ɗanye, don ɗanye yana ƙona saiwa. Ka ga sharar kaji da ta kifi ta zama kuɗi. Yankinmu na kudancin Katsina ya fi su Daura da Jibiya samun ruwan sama, don haka gwaiba tana kamawa da damina, ruwan kwami kuma ya riƙe ta da rani. Sai dai kar ruwan ya riƙa kwanciya a gindinta kullum, ka yi masa 'yar hanya.

Yanzu mu koma kan sabon reshe. Tunda a nan fure ke fitowa, bishiyar da ba a yi wa aski sai ta yi ta tsawo, 'ya'yan su koma can sama, su kuma ragu. Bayan ka gama tsinka, ka datse kan rassan, ka sa taki, ka ba da ruwa. Sabon toho zai fito da fure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tun tana ƙarama ka zaɓi manyan rassa 3 ko 4, ka riƙe tsayinta inda hannu zai kai. Gajeriyar bishiya ta fi sauƙin tsinka da feshi, tsuntsaye ma ba su cika samun mafaka a kanta ba.

Turare. Shi dogo ne, yakan wuce mita 20. Ganyensa siriri ne, yana rataye, kuma a babbar bishiya ɗaya-ɗaya yake fitowa. Yana girma da sauri, yana shan ruwa da yawa, saiwarsa tana nisa, kuma yakan yar da reshe ba sanarwa. An daɗe ana dasa shi a Arewa don kare iska da kwararowar hamada, kuma a wannan aikin gwani ne. Idan ka sare shi yana sake tohowa, ka samu sandunan rufin ɗakin kaji da itacen girki. Amma a bayan gida mai rijiya da kwami, ni ba na ba da shawarar a dasa shi. In kana da fili mai faɗi, ka jera shi a iyakar arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, mita 25 zuwa 30 daga rijiya, kwami da gini. Ka kuma kula kada layin ya toshe iskar da ke ratsa ɗakin kaji lokacin zafin Maris da Afrilu.

Malmo. Ganyensa biyu-biyu kamar na gwaiba, amma sumul yake da sheƙi, ba gashi. Ɗansa ƙarami ne, baƙi-baƙi in ya nuna, da ƙwallo ɗaya a ciki. Inda ka gan shi ya girma da kansa, galibi wurin mai danshi ne. Mai neman fadamar da zai haƙa kududdufi ya lura da shi, kuma in ya tarar da shi a bakin rafi kada ya sare, saiwarsa ce ke riƙe gaɓar.

Kanumfari. Yana son ruwan sama kusan duk shekara da iska mai laima, irin ta Zanzibar da Pemba. Hunturunmu da dogon raninmu ba su dace da shi ba. Kada ka zuba jarinka a dashensa, saye a kasuwa ya fi maka.

5. MAGANAR GANYEN GWAIBA A RUWAN KAJI

Ana yawan yi mini wannan tambaya. Gaskiya ne ganyen gwaiba yana da sinadarin tanin, shi ne ɗan baurin da kake ji a baki, kuma tun iyaye da kakanni ana dafa shi don gudawa. Zai iya rage tsinkewar kashi. Amma ganye ba ya kashe ƙwayar cutar fakat ko Gumboro. Waɗannan rigakafi ne kawai maganinsu, ka ba da Lasota da ta Gumboro a kan lokaci. In ka ga kashin jini, ko kaji suna mutuwa biyu-uku a rana, nemi likitan dabbobi a ranar. Kwana biyun da za ka yi kana dafa ganye za su iya cinye maka rabin ɗaki. Sannan tanin in ya yi yawa yana hana kaza cin moriyar abincinta, girma ya ja baya.

Shi ma man kanumfari yana da sinadarin yujinol, wanda masu ƙyanƙyasar kifi ke sa wa a ruwa don kifi ya lafa lokacin da za a taɓa shi. Da awo ake yi, in ya zarce kifin ba ya farfaɗowa. Sai ka koya a hannun wanda ya iya.

6. KAFIN KA SAYI DASHE

Gwaibar da aka shuka daga ƙwaya takan fara 'ya'ya a shekara 2 zuwa 4, kuma ba lallai ta yi kama da uwarta ba. Za ka iya shan mai zaƙi, ka shuka ƙwayarta, ta fito da ƙananan 'ya'ya masu tsami. In kana son irin uwar sak, nemi mai aure, ko ka yi da kanka: zaɓi reshe mai kaurin yatsa a bishiyar da ka yarda da ita, ka feƙe ɓawon zagaye kamar faɗin santimita 2 zuwa 3, ka naɗe wurin da danshin ƙasa mai taki a cikin leda, ka ɗaure sama da ƙasa. Cikin wata 2 zuwa 3 saiwa za ta fito, sai ka yanke ka rena a inuwa kafin dashe. Farkon damina ya fi dacewa da wannan aikin.

Babban abokin gabarta ƙudan 'ya'yan itace ne, shi ke sa tsutsar da kake gani a ciki. Kullum ka tsince waɗanda suka faɗo, ka ƙulle su a baƙar leda ka ajiye a rana, ko ka binne da zurfi. Hakan yana rage ƙudan, yana kuma rage ɓera a kusa da kajinka.

AIKIN WANNAN MAKO

Kowa ya samo ganyen gwaiba da na turare, da na malmo in akwai a kusa. Ka ɗaga su a rana, ka murza ka shinshina, ka juya reshen a yatsa. Sannan ka zana filinka a takarda: ina ɗakin kaji, ina kwami, ina rijiya, ina ruwa ke gangarawa. Ka auna da taku, babban taku ɗaya kusan mita ɗaya ne. In tazarar ba ta kai ba, bishiya ɗaya a inda ya dace ta ishe ka. Wanda ya riga ya dasa kusa da ɗakin kaji kuma, ya datse rassan da suka hau rufi, ya sa raga a tagogi tun kafin 'ya'yan su fara nuna.

Mai tambaya ya turo da hoton filinsa, mu duba tare. Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.