Ba kowane ciwon mara ne ciwon sanyi ba

Aikina duba tsokar jiki ne a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Tsokar mafitsara takan zo mini da labari iri ɗaya: mace ta daɗe tana fama da ciwon mara, fitsari dare da rana ba hutu, ciwon ya taso in mafitsara ta cika, ya lafa in ta zubar. An yi gwajin fitsari, babu ƙwayar cutar da ta tsiro, amma ana ta ɗura mata maganin sanyi daga kemis.

Wasu cikin irin matan nan ciwon bangon mafitsara ne mai daɗewa ke damunsu, wanda likitoci ke kira intastishal sistaitis. Guy Hunner, likitan mata a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya bayyana jajayen gyambunansa tun 1915.

Wajen gane ciwon, da daɗewa ana dogaro da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, mas-sel, masu fitar da histamin su tsokani jijiyoyin ciwo. Ƙa'idojin da ƙwararrun Turai suka fitar a 2008 sun ɗauki fiye da 28 a kowace murabba'in milimita ta tsokar mafitsara a matsayin alama. Ni ƙidayar nan ba ta gamsar da ni, domin ƙwayoyin kan yawaita a wasu cututtukan mafitsarar ma. Abin da na fi sa wa ido shi ne ko fatar cikin mafitsara ta saɓule, limfosait da ƙwayoyin filasma sun yi cincirindo a ƙarƙashinta. Haka nau'in ciwon mai gyambon Hunner yake, kuma shi ana iya ƙone gyambon ko a yi masa allura, a samu sauƙi sosai. Ɗaya nau'in kuwa, marar gyambo, tsokar kan fito kusan lafiya lau. Wannan ba ya nufin matar raki take yi.

A ƙasar Hausa kuma sai na fara kawar da zaton tsargiya. In na ga ƙwayoyin garkuwar da ake kira iyosinofil sun yi yawa, ƙwan tsutsar tsargiya nake nema, musamman ga wadda ta taso kusa da dam ko fadama. Tibi ma kan sauka a mafitsara, haka sankara.

Wadda ta haura mako 6 da wannan ciwo, gwaji bai nuna ƙwayar cuta ba, ta nemi a tura ta ga likitan mafitsara, ta tafi da duk takardun gwajinta na baya.