Darasin Kasuwanci: Kafin A Sayi Manhaja, A Dubi Masu Aiki Da Ita

Idan wani kamfani ko wata ma'aikata ta yanke shawarar mayar da ayyukanta kan kwamfuta, abin da aka saba gani shi ne a kira 'yan kwangila, a zaɓi wanda kuɗinsa ya fi sauƙi, sa'an nan a tsayar da ranar buɗewa. Su kuwa ma'aikatan da za su wuni a gaban na'urar, galibi sai ana saura mako guda ake tara su a nuna musu inda za su danna. Masana tsarin aiki sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan hanya, domin a ganinsu manhaja da tsarin ma'aikata tamkar hanta da jini ne, duk wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan ra'ayi ya girmi kwamfutar ofis, don kuwa daga ramukan haƙar kwal na Ingila ya samo asali. Bayan da gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragamar ramukan a 1947, an sa ran injuna za su ƙara yawan kwal ɗin da ake fitarwa, amma ƙarin bai kai yadda aka zata ba, ga yawan fashin zuwa aiki. Eric Trist na Cibiyar Tavistock da ke Landan, tare da Ken Bamforth, wanda shi kansa tsohon mahaƙi ne, suka bi diddigin al'amarin, suka buga sakamakon a 1951. Sun gano cewa a da mahaƙa na aiki ne a ƙananan ƙungiyoyi, su ke zaɓen abokan aikinsu, kowa ya iya aikin ɗan'uwansa. Tsarin injin ya wargaza wannan, ya raba mutum 40 zuwa 50 kashi uku masu karɓa-karɓa, kowa da guntun aikinsa, ta yadda kuskuren kashin farko ke faɗawa kan na biyu, alhali ba su ko haɗuwa balle su daidaita. Daga nan aka fitar da ƙa'idar cewa wajibi ne a tsara na'ura da zamantakewar masu aiki da ita a lokaci guda.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka shigo da irin wannan batu cikin harkar manhaja shi ne Melvin Conway, wani masani ɗan Amurka, a wata maƙala da mujallar Datamation ta buga a 1968. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, duk ƙungiyar da ta ƙera wani tsari, tsarin zai fito da kamannin yadda mutanenta ke magana da juna. Ya ba da misali da mutum 8 da aka ba aikin rubuta manhajojin fassara harsunan kwamfuta guda biyu: 5 suka ɗauki COBOL, 3 suka ɗauki ALGOL. Da aka gama, sai ga ta farko tana aiki a matakai 5, ta biyu a matakai 3. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a fili take. Idan sashen sayarwa da sashen sito ba sa ga maciji, manhajar da za a rubuta musu ma haka za ta fito, lissafin wannan bai san na wancan ba.

Babu inda aka fi ganin tsadar yin biris da wannan darasi kamar a hukumar motocin asibiti ta birnin Landan a 1992. Hukumar ta so ta daina rubuta kiran gaggawa a takarda, ta bar wa kwamfuta zaɓen motar da ta fi kusa da mara lafiya. An ba da kwangilar a kan kuɗin da bai kai fam miliyan 1 ba, ga haɗin gwiwar da wani ƙaramin kamfani mai suna Systems Options ke jagoranta, wanda bai taɓa yin aiki irin wannan ba, aka kuma ƙuntata wa'adin. Ga shi a lokacin dangantaka tsakanin shugabanni da ma'aikata ta yi tsami tun bayan rikicin albashi na 1989 zuwa 1990, kuma ba a nemi shawarar direbobi da masu karɓar kira yadda ya kamata ba.

Manhajar ta dogara ne a kan cewa kowane lokaci za ta san inda kowace mota take da halin da take ciki. Wato an ɗauka ma'aikacin da ke fama da mai ciwon zuciya ba zai manta da danna maɓalli ba, rediyo ba zai yanke ba, kuma ba wanda zai ɗauki wata mota dabam da wadda aka rubuta masa. Duk wanda ya taɓa yin aikin ya san ba haka rayuwa take ba, sai dai ba a tambaye shi ba. A ranar 26 ga Oktoba aka koma kan sabon tsarin gaba ɗaya, aka sake fasalin ɗakin karɓar kira, aka raba ma'aikatan da unguwannin da suka sani kamar tafin hannunsu. Nan da nan bayanai suka fara cuɗewa: a tura mota biyu wuri ɗaya, wani wurin ko ɗaya babu. Saƙonnin gargaɗi suka cika allo har na farko suka ɓace. Waɗanda suka gaji da jira suka yi ta sake bugowa, kira ya daɗa yawa, wasu marasa lafiya suka shafe sa'o'i suna jira. Shugaban hukumar, John Wilby, ya yi murabus cikin kwanaki kaɗan. A ranar 4 ga Nuwamba na'urar ta tsaya cik saboda wani ɗan kuskure da aka bari a cikin manhajar, aka koma ga alƙalami da takarda.

Jaridu sun yi zargin an yi asarar rayuka, ko da yake ba a tabbatar da adadi ba. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a Fabrairun 1993 bai tsaya kan kuskuren mai rubuta manhaja kawai ba. Ya ɗora babban laifin a kan gaggawa, da ƙarancin horo, da rashin amana tsakanin shugabanni da ma'aikata, da kuma tunanin cewa kwamfuta za ta tilasta wa mutane canza yadda suke aiki.

A nan gida ma an ga ɗan'uwan wannan. Tsarin biyan albashi na bai ɗaya, IPPIS, da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2007 ya taimaka wajen gano ma'aikatan bogi, amma an ƙera shi da siffar ma'aikatun gwamnati. Ƙungiyar ASUU ta ce bai san da malamin wucin gadi ko mai hutun bincike a wata jami'a ba, batun ya shiga jerin dalilan yajin aikin wata 8 na 2022, kuma a Disambar 2023 Majalisar Zartaswa ta amince a cire manyan makarantu daga ciki.

Saboda haka mai kamfanin da ke shirin kashe kuɗi a kan manhaja, ko da ta lissafin shago uku ce, ya kamata ya fara zana yadda takarda ke tafiya daga hannu zuwa hannu a yau, ya gane wa ke magana da wa, da wanda ke gyara kuskure a ɓoye ba tare da an rubuta ba. Sau da yawa akan tarar wani tsohon akawu ne ke riƙe da rabin tsarin a kansa. Ya sa irin waɗannan mutane cikin masu tsara aikin tun daga farko, ya ware kuɗin horo da na lokacin da za su ɓata a cikin kasafin, kada kuma ya jefar da tsohon littafi sai sabon tsarin ya ci jarrabawa a reshe guda.

Hanyar da hukumar ta Landan ta bi ke nan a karo na gaba. Sababbin shugabanni suka sa masu karɓar kira cikin aikin, suka fara da mataki mafi sauƙi, wato shigar da kira da gano adireshi, suka bar zaɓen mota a hannun mutane, suka kuma ƙi buɗewa sai da gwaji ya gamsar. An soma aiki da wannan tsari a 1996, sauran sassan kuma aka riƙa ƙara su ɗaya bayan ɗaya.