Ciwon Daji Mai Ƙari: Abin da Lissafin Shekara Arba'in Ya Nuna

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, iri biyu ne manya. Akwai na jini, akwai kuma wanda kan yi ƙari a wata gaɓa ta jiki, kamar mama, ko huhu, ko hanji, ko bakin mahaifa. Wannan na biyu shi ne darasinmu. Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya kamu da shi kwanansa ya ƙare. To, bari mu ga abin da lissafi ya nuna.

YADDA A KE AUNAWA

Idan aka gano daji a jikin mutum, a kan rubuta irinsa da ranar da aka gano shi a cikin rajista. Bayan shekara biyar, ko goma, sai a koma a ƙirga mutum nawa cikin ɗari ke da rai. Sa'an nan a gyara lissafin, a fid da mutuwar da tsufa ko wata cuta dabam kan jawo, domin abin da ya saura ya nuna ɓarnar dajin kaɗai.

Masanan wata makarantar koyon kiwon lafiya ta Landan sun bi labarin majinyata fiye da miliyan 7 na Ingila da Wales, daga 1971 zuwa 2011. Sun tarar a 1971 mutum 24 ne cikin ɗari kan kai shekara goma, idan aka haɗa kowane irin daji. A 2011 kuwa an ƙiyasta 50 ne. Watau an riɓanya. Amma fa ba kowane iri ya sami rabo ɗaya ba. Ga yadda aka tashi, cikin ɗari:

Dajin 'ya'yan maraina: daga 69 zuwa 98.
Dajin firostet, ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji: daga 25 zuwa 84.
Dajin mama: daga 40 zuwa 78.
Dajin babban hanji: daga 22 zuwa 57.
Dajin huhu: daga 3 zuwa 5.
Dajin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi: 1 a farko, 1 a ƙarshe.

ME YA KAWO BAMBANCIN?

Na farko, magani. A 1974 wani likitan Amurka, Lawrence Einhorn, ya fara gwada wani magani mai suna sisfilatin a kan dajin 'ya'yan maraina. Samarin da a dā ba a sa musu rai, domin ciwon ya riga ya bazu, sai ga yawancinsu suna warkewa sarai. Dajin mama kuma ya sami tamoksifen tun shekarun 1970, ga aikin fiɗa da gashin haske sun ƙara kyau.

Na biyu, gano ciwo da wuri. Ƙari ba ya fara da girma. Muddin yana wuri ɗaya, likita na iya yanke shi ya fitar. In ya bi jini ya kai hanta ko ƙashi ko huhu, aiki ya yi wuya. Sabo da haka a 1988 hukumar lafiya ta Ingila ta fara kiran mata manya a ɗauki hoton mamansu, ko da ba su jin ciwon kome.

Huhu da fankiriyas kuwa a can cikin jiki su ke, inda ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa. Kafin mutum ya ji alama, sau da yawa ciwon ya yi nisa. Shi ya sa lissafinsu ya tsaya cik a waɗannan shekaru, ko da ya ke bayan 2011 sababbin magunguna sun ɗaga na huhu. Babbar garkuwa daga dajin huhu ita ce barin shan taba, kamar yadda binciken Doll da Hill ya nuna tun 1950.

A YI HANKALI DA LISSAFI

Ba duk hauhawar lissafi ce ƙarin kwana ba. A ce mutum zai rasu yana da shekara 70. In an gano ciwonsa yana da 67, za a rubuta ya yi shekara uku. In wani awo ya gano shi yana da 60, za a rubuta ya yi goma, alhali ko yini ɗaya ba a ƙara masa ba. Dajin firostet yana da irin wannan. Da awon jini ya yaɗu a shekarun 1990, an riƙa gano ƙananan ƙari masu tafiyar hawainiya, waɗanda da yawansu ba za su taɓa kashe mai su ba. Don haka masana kan duba har da yawan masu mutuwa cikin jama'a duka kafin su yanke hukunci.

DARASI GARE MU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin ɗari masu dajin mama kan wuce shekara biyar, a Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Ciwon ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne lokacin zuwa asibiti, da samun magani, da iya biyan kuɗinsa.

Lalle ne kowa ya lura da waɗannan alamu: ƙulli a mama ko a maraina, gyambon da ya ƙi warkewa, zubar jini ga mace ba lokacin al'ada ba, jini a bayan gida, tari mai daɗewa, da rama ba dalili. Yawancinsu ba daji ba ne, amma likita ne kaɗai zai bambance. Kada a tsaya tsaga ko shafe-shafe har wata shida ya wuce. Maigida ya ba iyalinsa izini da kuɗin mota. Har wa yau, a watan Oktoba 1923 ba a san rigakafin wani daji ba, amma a Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa. Iyaye su kai 'ya'yansu. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

TAMBAYOYI

1. Don me lissafin dajin huhu bai tashi kamar na mama ba?
2. Ta yaya lissafi zai hau ba tare da an ƙara wa majinyaci kwana ba?
3. Faɗi alamu huɗu da za su sa a je asibiti ba da jinkiri ba.