Shin Hanji Ma Yana Jin Ɗanɗano?

Wani mai sauraro daga Maraɗi yana tambaya: wai da gaske ne hanji yana gane ɗanɗanon abinci?

To, malam, da gaske ne. A bangon hanji akwai ƙwayoyin halitta masu gane zaƙi, ɗaci da maiƙo. Da zarar tuwo ko kunu ya iso gare su, sai su saki sinadarai irin su GLP-1 da CCK, su kuma aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa cewa an fara ƙoshi. Daga nan loma ke raguwa.

A 2020, masana a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun ajiye wa ɓerayen da harshensu ba ya jin zaƙi ruwan sukari da ruwan zaƙin bogi. Cikin kwana biyu suka raja'a kan na sukari, domin hanjinsu ya gane shi.